Yaron Da Ya Ce "Ni Ce"

Mutum ne ɗan shekara arba'in da ɗaya, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ga 'ya'ya uku, amma har yau in ya shiga banki ko ya tsaya sayen burodi, sai an sami wani ya ƙwanƙwasa kanta sau uku ya ce, "Waye nan?" Daga nan sai a zuba masa ido ana murmushi, ana jira. Shi kuwa ya riga ya saba. Sai ya dafa maƙogwaro ya ce, "Ai muryar ta tsufa, ku yi haƙuri." A yi dariya, a ɗauki hoto, a sake shi ya tafi. Ni-ce kowa ke ce masa. Har surukinsa, dattijon da ba ya wasa da kowa, Ni-ce yake ce masa.

Wanda bai riski zamanin ba, ba zai gane ba. An yi wani wasan kwaikwayo a talabijin mai suna Ƙofa Ta Tara, labarin 'yan haya a wani tsohon bene mai yoyo, da masifaffiyar mai gidan da ke zaune a ɗaki na tara. Duk ranar Laraba da yamma titi kan yi tsit. Mai akwatin talabijin ya zama sarki a layinsu, yara su cika masa falo har bakin taga. A cikin wasan akwai wani fitinannen yaro ɗan shekara bakwai, mai giɓi da kunnuwa fato-fato, ɗan mai gyaran agogo na hawa na biyu. A kashi na biyar yaron ya ƙwanƙwasa ƙofar mai gidan, ta daka tsawa daga ciki, "Waye nan?" Sai wata 'yar siririyar murya ta amsa daga bayan ƙofa da ƙarfinta, "Ni ce!"

Namiji da "ni ce"! Kai, ranar an yi dariya har da masu riƙe ciki. Washegari yara na ta ihunta a hanyar makaranta, direbobi na faɗa wa juna ta taga. Daga makon nan ba a sake yin kashi ɗaya ba tare da ita ba, har wasan ya ƙare bayan shekara huɗu.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, yaron bai taɓa faɗin kalmar nan a talabijin ba. Ba ma ita kaɗai ba, ko kalma ɗaya daga cikin abin da aka ji a shekara huɗun nan ba daga bakinsa ta fito ba.

I'ina gare shi, mai tsanani. Babansu ma'aikacin lantarki ne a gidan talabijin ɗin, shi ke hawa tsani yana ɗaura fitilu. Wata rana darakta ya ga yaron yana biye da uban yana riƙe masa filaya, ya ga fuskar nan da ko ba ta yi komai ba sai ta ba mutum dariya, ya ce shi ke nan, ya sami ɗan mai agogo. Aka tsayar da shi gaban kyamara. Fuska kam ba magana, ido kamar zai yi zance. Amma da aka ce ya ce "Baba ya ce ki ba shi guduma," sai ya maƙale a kan "ba" ɗin farko, ya yi ta bugawa har hawaye suka zubo. Darakta ya dafe kai.

Mai sauti ne ya ceci lamarin. Wani siririn mutum ne da ba ya rabuwa da fensir a bayan kunne. Ya fita shan iska sai ya tarar da yayar yaron, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ta kawo wa babansu abincin rana a kula, ta durƙusa tana share wa ƙanen hawaye, tana kwaikwayon muryarsa don ta ba shi dariya: "Baba ya ce ki ba shi guduma, in ba haka ba in ɗauke ƙofar!" Mai sauti ya tsaya cak. Ya ce, "Yarinya, zo nan. Sake faɗa."

Haka aikin ya zauna. Da safe yaron ya motsa baki gaban kyamara, ya yi tsalle, ya zare ido. Bayan an tashi daga makaranta Yaya ta zo da kula da jakar littattafai, a shigar da ita wani ɗan ƙurmusushin ɗaki da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. A ɗora ta kan akwakun lemo don bakinta ya kai makirufo, a cusa hankici a ƙarƙashin abin saurare saboda ya yi wa kanta yawa. Hoton ƙanenta na gudu a ɗan allo, ita kuma tana sa masa magana a baki. Shi yakan zauna a ƙasa, jingine da ƙofa, yana cin biskit ɗin da mai sauti ke ɓoye musu a aljihun tebur. Har yau in ya ji ƙamshin tsohon kwali da ƙurar kafet, sai zuciyarsa ta yi sanyi, don bai taɓa jin daɗin zama a wani wuri kamar ɗakin nan ba.

Yana nan zaune ranar da aka ɗauki kashi na biyar. "Ni ne" aka rubuta a takarda. An makara, saura awa biyu a sa wasan, mai sauti na ta sauri bai kula ba. Da abin ya fita, darakta ya zo kamar zai ci mutum. Baba ya tsayar da Yaya a tsakar falo ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce so take a kore shi daga aiki? Ta sunkuyar da kai. Kwana biyu bayan haka, da gari ya ɗauka, sai ga darakta yana gaya wa 'yan jarida cewa ya daɗe yana tunanin wannan barkwancin. Mutum ke nan! Ya kuma kafa doka: kada wanda ya kuskura ya faɗi cewa ana sa wa yaron murya, zai ɓata wasan. Baba ya maimaita dokar a gida, Mama ta ce Allah ya rufa asiri, magana ta mutu.

Da wasan ya ƙare, Yaya ta koma makaranta sosai, ta koyi ɗinki, ta yi aure, ta buɗe shagon labule. Shi kuwa ya ƙi barin gaban kyamara. Ya yaƙi i'inarsa da kansa, yana haddace layi yana buga yatsa a cinya, kalma ɗaya bugu ɗaya, har harshen ya saki. Sai dai muryar da ta fito daga baya wata irin murya ce ta kowa da kowa, ba gishiri ba barkono. Ya fito a ɗan sanda na biyu, wanda ke buɗe wa babbansu ƙofar mota. Ya fito a likita ya fi sau ashirin, kuma kusan kullum layinsa ɗaya ne: "Mun yi iya ƙoƙarinmu." Sau ɗaya aka ba shi jarumin fim, yana ɗan ashirin da biyar, ya yi ta atisaye wata uku, ranar da aka haska a sinima yana tsaka da furta wa budurwa soyayya wani ya ƙwala daga baya, "Waye nan?" Zauren ya tarwatse da dariya, fim ɗin bai ƙara mako ba. Yanzu uban amarya yake fitowa, ko shugaban makaranta, wani lokaci tallan sabulu. Ya sani sarai, duk daraktan da ya kira shi ba don likitan ya kira shi ba. Don yaron bayan ƙofar nan ne, don masu kallo su ga fuskar su tuna falon maƙwabcinsu.

Waɗanda suka san sirrin kuwa sun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Darakta, da matar da ta fito a mai gidan, da Baba, da Mama. Bara mai sauti ya bi su. Saura mutum biyu.

Ana haka wata furodusa ta kira shi daga gidan talabijin, 'yar yarinya mai zaƙin baki. Ta ce shekara talatin ke nan da rufe Ƙofa Ta Tara, za su yi shiri na musamman ranar Asabar da safe, kai tsaye, da 'yan kallo a sitidiyo. Za a ba shi lambar yabo. Ta ce, "Bari ma in karanta maka abin da muka sa aka zana a jiki, ni na tsara shi. 'Ga muryar da ta rene mu.' Ya yi?"

Ya ce ya yi. Da ya ajiye wayar ya daɗe zaune a gefen gado da takalmi ƙafa ɗaya.

Shagon Yaya na can ƙarshen wani layi, tsakanin mai walda da kantin magani. Ya same ta da tef rataye a wuya, tabarau ya zamo kan hanci, tana jan alli a kan wani yadi mai ruwan toka da ya cika tebur. Ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa kiransa da sunan wasan ba.

"Auta, lafiya da rana tsaka? Ko an kore ka daga asibitin ne?"

Ya miƙa mata katin gayyata. Ta karanta da nisa, ta mayar masa.

"Madalla. Je ka karɓo abinka. Ni otal ya ba ni labule arba'in da biyu, Litinin suke so."

"Yaya, murya fa suka rubuta."

"To da me za su rubuta, kunnuwa? Su ma ai sun yi aiki."

Bai yi dariya ba. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ajiye allin.

"Kar ka soma, ka ji ni ko? Na san wannan fuskar. Da wannan abin kake ciyar da gidanka. Mutane ba gaskiya suke nema a wurinka ba, yarintarsu suke nema. Ka je ka yi musu murmushi ka dawo."

"Ke fa?"

"Ni me? Ga ni, da ƙafata da shagona. Matsa min, kana tare min haske."

Ranar Asabar ya isa da wuri. An yi wa ginin fenti, an sa ƙofofin gilashi, amma matakalar baya tana nan da tsagar da ya sha yin tuntuɓe a kai. Kafin a kira shi kwalliya ya lallaɓa ya bi ta tsohon lungun. Ɗakin sauti ya zama wurin jibge karyayyun kujeru. Ya leƙa ta saman tarkacen, ya hango sauran kwalin ƙwai guda biyu manne a kusurwa, sun yi baƙi. Wai nan ne ɗakin! Da ya miƙa hannu biyu da ya taɓa bango da bango.

A sitidiyo mutum kusan ɗari ne, yawancinsu sa'anninsa, wasu da 'ya'yansu. Mai gabatarwa, wani mai ƙatuwar dariya da jan kwat, ya ce a sa tsohon faifan. Fitilu suka dushe. Ga benen nan, ga ƙofar da lamba tara ta karkace, ga mai gidan da tsintsiya a hannu. Ya ga wannan wurin ya fi sau dubu, kuma kullum kansa yake jira ya gani in an buɗe ƙofa. Yau sai ya runtse ido. Da ya runtse, yaron ya ɓace, ba giɓi ba kunnuwa. Abin da ya rage yarinya ce 'yar sha biyu, tsaye kan akwakun lemo, da yunwar bayan makaranta, tana ɗaga murya iya ƙarfinta a ɗakin da aka gina don kada a ji komai daga waje. Ya ji kewarta kamar ba shekaranjiya ya gan ta ba.

Fitilu suka dawo. Ana tafi, wata mata a layin gaba na share hawaye tana dariya. Aka ɗora masa lambar a hannu, katako da gilashi, da nauyinta. Mai gabatarwa ya kashe wa 'yan kallo ido, ya ƙwanƙwasa tebur sau uku.

"Waye nan?"

Hannunsa ya tashi zai tafi maƙogwaro kamar kullum. Ya tsaya a hanya, ya koma kan cinya.

"Ba ni ba ne," ya ce.

Aka fashe da dariya, an ɗauka sabon barkwanci ne. Mai gabatarwa har da buga ƙafa.

"Wallahi ba ni ba ne. Ya-ya-yayata ce."

I'inar da ya yi shekara ashirin bai ji ɗuriyarta ba, ita ce ta dawo ta kama shi a gaban kowa. Bai buga yatsa ba, ya bar ta ta yi yadda take so. Yana maƙalewa yana ci gaba, ya ba su labarin kula da hankici da akwakun lemo. Ya ce duk abin da suka ji shekara huɗu ita ce. Ya ce kalmar nan ma da suke so, kuskure ta yi, bakinta ya suɓuce don ita mace ce, har aka yi mata faɗa a gida. Ya ce shi fuska kawai ya ba da aro, kuma ya ci albarkacin muryar shekara talatin da huɗu bai taɓa cewa ta wani ba ce.

Wasu suka tafa, tafin da bai haɗu ba. Matar layin gaba ta daina dariya, tana kallonsa kamar ya karɓe mata wani abu daga jaka. Mai gabatarwa ya taɓa kunnensa ya ce za a je talla a dawo. Da aka dawo, wani baƙon aka zaunar a kujerar.

A hanyar fita wani mai kyamara, sa'ansa, yana naɗe waya bai ko ɗago ba ya ce, "Da ka bar mu da abinmu, Ni-ce." Sai kuma ya yi turus a kan sunan, ya rasa me zai sa a madadinsa. A bakin get mai gadi ya buɗe masa, ya ce a sauka lafiya, bai ƙwanƙwasa komai ba. Abin ya yi masa zafi fiye da yadda ya zata, amma ƙafarsa ba ta yi nauyi ba.

Rana ta take lokacin da ya isa shagon. Ƙaramar talabijin ɗin da ke kan kanta a kashe take, sai dai ya ga an janye ƙyallen da ake rufe ta da shi. Yaya na kan keken ɗinki, ta ba ƙofa baya.

"Na ce kar ka soma," ta ce ba ta juyo ba.

"Kin ce."

Ya ajiye lambar a kan tebur, tsakanin almakashi da gwangwanin allurai. Ta dube ta ta gefen ido, ta ɗauke kai.

"Ga shi ka je ka yi ta i'ina a gaban duniya. Da kwat ɗinka mai kyau." Ta cire ƙafa daga kan keken. "Kuma ba ka ma faɗa daidai ba."

"Me na bari?"

"Ka ce kuskure na yi."

"Ai kuskuren ne, Yaya. Ina wurin."

"Kana wurin kana cin biskit." Ta juyo da kujerar gaba ɗaya, ta cire tabarau. "Ni da nake ta ɗaya a ajinmu, ban san bambancin 'ne' da 'ce' ba? Mako huɗu ina sa maka magana ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sai ranar? Ga shi a rubuce gabana da manyan baƙaƙe."

Ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna kan dilar yadi.

"Duk Laraba in an gama wasan ina zama in karanta sunayen da ke wucewa," ta ce. "Har direba akwai. Har mai kawo shayi. Na ce ƙila mako mai zuwa. Mako huɗu. Ranar na ga kyamara na cikin ɗaki, kai kana bayan ƙofa, ba mai ganin bakinka. Na jira mai sauti ya sunkuya ɗaukar fensirinsa da ya faɗi, na faɗa. Da gangan na faɗa, Auta. Na ce duk wanda ya ji zai ce, a'a, wannan ai yarinya ce, wace ce? Malamarmu za ta gane, ko 'yan ajinmu, ko wani dai. Daren nan ko da Baba ya yi min faɗa ban ji zafi ba, na ɗauka gari zai waye a zo ana tambaya."

Ta yi 'yar dariya, ta goge gilashin tabaran da bakin rigarta.

"Sai gari ya waye ana ɗaga ka sama. Aka kuma ce in riƙa faɗa duk mako. Sau ɗari biyu na tsaya kan akwakun nan na gaya musu, suna ta dariya."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Kana ɗan shekara bakwai? Ranar ce fa ranar farko da yaran layinmu suka daina kwaikwayon i'inarka. Da ka girma kuma..." Ta ɗaga kafaɗa. "Ban so in faɗa ba. So na yi a tambaye ni. Shekara talatin da huɗu, ba wanda ya tambaya. Ko kai."

Mai walda na ta aikinsa a maƙwabta. Yaya ta mayar da tabarau, ta juya kujerar, ta jawo labulen da ke kan keke ta daidaita bakinsa da tafin hannu.

"Tashi ka riƙe min can, kar ya ja ƙasa."

Ya tashi ya tattaro yadin a hannu biyu. Ta taka keken. Daga inda yake tsaye yana ganin zaren ya fice daga allura yana lilo a gefe, allurar na ta huda yadin tana wucewa ba ta ɗinka komai. Yaya ta sunkuyar da kai sosai, ba ta rage gudu ba. Bai gaya mata ba, ya ci gaba da riƙewa.